Daga Bakin Wuta Zuwa Bakin Mutum: Tarihin Matsayin Abinci a Falsafar Hindu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya, waɗanda suka daɗe da samun gindin zama a tsakanin Hausawa, ba zai rasa ganin inda uwa take ajiye farantin alawa a gaban gunki ba, sannan ta ɗauko ta sanya wa ɗanta a baki kafin ya kama hanya. Haka kuma ba zai rasa ganin matar aure ta wuni ba ci ba sha, tana jiran fitowar wata domin ta roƙa wa mijinta tsawon rai ba. Mai kallo yakan ɗauki wannan a matsayin adon fim kawai, alhali kuwa a bayan farantin nan akwai tunani da muhawara waɗanda suka haura shekara 3,000.

A wannan maƙala za mu bi sawun wannan tunani tun daga tsofaffin littattafan Hindu har zuwa ƙarni na 20. Abin da muke son nunawa shi ne, aƙida guda ɗaya, wato cewa abin da mutum ya ci shi ne yake gina zuciyarsa da ruhinsa, ita ce ta haifar da ciyarwa da tausaya wa dabbobi a ƙasar Indiya, kuma ita ce dai ta gina katangar da ta hana mutum cin abinci da maƙwabcinsa. Manufarmu ita ce fahimtar yadda wata al'umma ta kalli abin da kowane ɗan Adam yake yi kullum, domin sanin halin mutane ilimi ne ko da aƙida ta bambanta.

2.0 Zamanin Beda: Wuta Bakin Alloli

Mafi tsufa daga cikin littattafan Hindu shi ne Rig-Beda, tarin waƙoƙin bauta guda 1,028 cikin harshen Sanskirit, waɗanda masana ke ganin an tsara su tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Panjab. Mutanen da suka tsara su makiyaya ne, dukiyarsu shanu da dawaki, kuma ba su da haikali ko gunki. Wurin bautarsu fili ne da ake sharewa a hura wuta. Waƙar farko ta littafin ma ga wuta aka yi ta, wato Agni, wanda suka ɗauka shi ne bakin alloli. Abin da aka zuba masa na narkakken man shanu, ko madara, ko sha'ir, ko ruwan wani tsiro mai suna soma, ko naman dabbar da aka yanka, shi ne yake isar da shi sama.

Ma'anar wannan hadaya, wadda suke kira yajna, ita ce musaya. Mutum yana ciyar da alloli, su kuma suna saukar da ruwa, ruwa ya fitar da ciyawa da hatsi, shanu su ƙoshi, mutum ya sami abin da zai sake zubawa a wuta. Idan aka daina hadaya, a ganinsu, wannan zagaye zai tsinke, duniya ta shiga fari. Saboda haka malaman hadaya, waɗanda littattafan Larabci ke kira Barahima, suka sami babban matsayi, domin su ne suka san kalmomi da ƙa'idojin da ke riƙe da wannan igiya.

Littattafan sharhi da suka biyo baya, kamar Shatapata Barahmana, sun faɗaɗa maganar har suka raba duk abin da ke duniya gida biyu, wato mai ci da abin ci. Wuta ita ce mai ci, soma shi ne abin ci. Har al'umma ma da wannan ma'auni suka auna ta, inda suka siffanta mai mulki da mai ci, talakawa kuwa abincinsa. Duk da haka, tun a cikin Rig-Beda akwai waƙar da ta zargi marowaci, ta nuna cewa mai cin abinci shi kaɗai ba shi da wanda zai raba zunubinsa da shi. Ke nan tun daga tushe, ƙarfi da kyauta suna tafe tare a cikin maganar abinci.

3.0 Upanishad: Hadaya Ta Koma Cikin Jiki

Daga wajen shekara ta 800 zuwa ta 500 kafin Miladiyya, sai wani sabon salon tunani ya bayyana a arewacin Indiya, wanda aka tattara a littattafan da ake kira Upanishad. Masu wannan tunani ba su wadatu da zuba mai a wuta ba, sun shiga tambayar mene ne asalin mutum, kuma mene ne Barahman, wato haƙiƙar da suke ganin komai daga gare ta yake. Abin lura shi ne, amsoshinsu da yawa daga abinci suka fara.

A cikin Upanishad ɗin Candogiya akwai labarin wani malami mai suna Uddalaka Aruni da ɗansa Shwetaketu, wanda ya dawo daga karatu yana ji da kansa. Uban ya gaya masa cewa abincin da aka ci yakan kasu uku: mafi kauri ya zama bayan gida, matsakaici ya zama tsoka, mafi laushi kuma ya zama hankali. Da yaron ya nemi ƙarin bayani, sai uban ya umarce shi da ya yi kwana 15 ba ya cin komai, ruwa kawai zai riƙa sha. Bayan kwanakin sun cika, ya ce masa ya karanto abin da ya haddace na Beda, sai karatu ya ƙi zuwa. Da ya ci ya ƙoshi, sai hadda ta dawo daram. Uban ya kwatanta masa abin da babbar wuta wadda ta mutu saura ƙwayar garwashi guda, da aka sa mata ciyawa sai ta sake tashi. Masu iya magana a wajenmu sun taƙaita wannan darasi da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai masu Upanishad sun wuce nan. Tunda hankali daga abinci aka yi shi, to tsarkin abinci yana kawo tsarkin zuciya, tsarkin zuciya kuma yana kai mutum ga kuɓuta. Wannan ita ce ƙa'idar da duk dokokin abinci na baya suka dogara a kanta.

Upanishad ɗin Taittiriya kuwa ya siffanta mutum da abu mai kube biyar, ɗaya cikin ɗaya. Kube na waje shi ne na abinci, wato gangar jiki, sai na numfashi, sai na hankali, sai na fahimta, sannan na ni'ima a can ciki. Littafin ya kawo labarin Birigu, wanda ya roƙi ubansa Baruna ya sanar da shi Barahman. Bayan ya yi ta gwagwarmayar ibada, abu na farko da ya gano shi ne abinci, domin daga gare shi halittu ke fitowa, da shi suke rayuwa, kuma gare shi suke komawa idan sun mutu. Daga nan ya ci gaba hawa-hawa har ya kai ga ni'ima. Mai karatu zai yi zaton wanda ya kai ƙololuwa zai raina matakin farko, amma labarin ya rufe ne da wasu alkawura: kada a kushe abinci, kada a wulaƙanta shi, a yawaita shi, kuma kada a kori baƙon da ya zo neman masauki.

Babban sauyin da aka samu a wannan zamani shi ne mayar da wutar hadaya cikin mutum. Ɗumin da ke narkar da abinci a ciki, a ganinsu, shi ne Agni, saboda haka duk lomar da ta shiga baki hadaya ce. Daga nan al'adar nan ta fito wadda har yanzu wasu masu riƙon gargajiya ke yi, inda mai ci zai yayyafa ruwa ya kewaye abincinsa, sannan ya fara da 'yan ƙananan lomomi biyar, kowace da sunan ɗaya daga cikin numfashi biyar da suke ganin suna tafiyar da jiki. Ta haka ibadar da a da sai da fili da malamai da dukiya ta zama abin da mutum zai yi a gaban akushinsa.

Har ila yau, a wannan zamani ne aƙidar sake haihuwa ta bayyana, kuma ita ma ta hanyar abinci aka bayyana ta. An ce ran mamaci yakan tafi ga wata, ya sauko cikin ruwan sama, ya shiga shinkafa ko sha'ir, wani ya ci, ya zama maniyyi, a sake haihuwarsa. Wanda ya yarda da haka kuwa ba zai ƙara kallon abin da ke cikin ƙwaryarsa kallon banza ba.

4.0 Nama da Ƙa'idar Ƙin Cutarwa

Mutane da yawa suna zaton mabiya Hindu ba su taɓa cin nama ba, amma tarihi bai nuna haka ba. A zamanin Beda ana yanka awaki da tumaki da shanu a hadaya, sarakuna har doki suke yankawa. Littafin Shatapata ya ma ruwaito cewa shahararren malami Yajnabalkiya ya ce shi kam yana cin naman shanu idan mai taushi ne.

Ƙalubale ya zo ne a wajen ƙarni na 6 da na 5 kafin Miladiyya, lokacin da Mahabira, jagoran addinin Jain, da Gautama Buda suka yi wa'azi a kwarin kogin Ganga. Dukansu sun soki yanka dabbobi da sunan ibada, suka ɗaukaka ahimsa, wato ƙin cutar da duk wani mai rai. Mabiya Jain ne suka fi tsanantawa, har suna tace ruwan sha kuma ba sa cin abinci da dare don gudun haɗiye ƙwaro. Sarki Ashoka, wanda ya yi mulki daga wajen 268 zuwa 232 kafin Miladiyya, ya rungumi koyarwar Buda, kuma ya nuna nadama a kan jinin da aka zubar a yaƙin Kalinga. A rubutun da ya sa aka sassaƙa a kan duwatsu, ya bayyana cewa a da ana yanka dabbobi masu ɗimbin yawa kullum a madafar fada, amma an rage su zuwa uku, ɗawisu biyu da barewa ɗaya, kuma su ma za a daina.

Barahima ba su yi watsi da wannan kira ba, sun shigar da shi cikin tsarinsu sannu a hankali. Ana iya ganin wannan ja-in-ja a cikin littafin dokoki na Manu, wanda aka tsara tsakanin shekara ta 200 kafin Miladiyya da ta 200 bayanta. A babi na 5, littafin ya halatta naman da aka yanka don hadaya, sannan a wuri guda ya yabi wanda ya bar nama gaba ɗaya. Ya ɗora alhakin kisa a kan wanda ya ba da izini, da mai yanka, da mai fiɗa, da mai saye da sayarwa, da mai dafawa, da mai rabawa, da mai ci. Ya kuma yi gargaɗi cewa dabbar da mutum ya ci a nan ita za ta ci shi a can. A farkon ƙarni na 5 Miladiyya, wani matafiyi Basine mabiyin Buda mai suna Fahiyan ya ratsa arewacin Indiya, ya rubuta cewa mutanen tsakiyar ƙasar ba sa kashe mai rai, ba sa shan giya, ba sa cin albasa da tafarnuwa, in ban da Candala, waɗanda ke zaune a keɓe, kuma sukan buga itace idan za su shiga gari domin mutane su kauce musu. A cikin wannan shaida guda mun ga tausayin dabba da ƙyamar mutum suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

5.0 Magidanci da Tukunyarsa

Littafin Manu ya lura da cewa ko wanda ba ya cin nama ba zai tsira daga kisa ba, domin a kowane gida akwai mayanka biyar: murhu, dutsen niƙa, tsintsiya, turmi da taɓarya, da randar ruwa. Kullum ƙananan halittu suna mutuwa ta dalilinsu. Kaffarar wannan ita ce manyan hadayu biyar da aka ɗora wa magidanci a kowace rana, wato karatun Beda, da ba kakanni ruwa da abinci, da zuba wa alloli rabonsu a wuta, da ajiye wa dabbobi da tsuntsaye nasu, da kuma ciyar da baƙo. Sai bayan kowa ya samu ne mai gida da matarsa za su ci abin da ya rage. Rayuwar mutum ma da abinci aka kewaye ta. Idan jariri ya kai kamar wata shida akan yi bikin sa masa lomar shinkafa ta farko, idan kuma mutum ya mutu 'ya'yansa sukan cura shinkafa su miƙa domin ciyar da ransa, abin da har yau dubban mutane ke zuwa garin Gaya su yi.

Littafin Bagabad Gita, mai baiti 700 a babi 18, wanda yake wani yanki ne na babbar waƙar Mahabarata, shi ne ya tattara waɗannan ra'ayoyi wuri guda. A cikinsa Kirishna, wanda mabiyansa ke ɗauka abin bauta ne, yana yi wa jarumi Arjuna bayani a filin daga. Ya maimaita zagayen hadaya da ruwa da abinci, ya zargi mai dafawa don kansa kaɗai, ya ce shi ne wutar da ke narkar da abinci a cikin kowane mai rai, ya kuma nuna cewa mai yawan ci da mai ƙin ci duka ba za su kai ga natsuwa ba. A babi na 17 ya raba abinci gida uku bisa ɗabi'u uku da falsafarsu ta ce su ne zaren da aka saƙa duniya da su. Na satwa shi ne mai laima da maiƙo wanda ke ƙara lafiya da natsuwa. Na rajas shi ne mai tsananin ɗaci ko tsami ko gishiri ko yaji, wanda ke tayar da hankali ya jawo ciwo. Na tamas shi ne kwantai da ruɓaɓɓe da ragowar wani, wanda ke kawo kasala da duhun zuciya. Ya kamata a lura cewa a wannan rabo Gita bai ambaci nama ko albasa da suna ba, masu sharhi na baya ne suka zuba su cikin rukunan.

6.0 Haikali da Ragowar Abin Bauta

A wani wuri na Gita an nuna cewa abin bauta yana karɓar ko da ganye ne ko fure ko ɗan itace ko ruwa, muddin da ƙauna aka miƙa. Wannan ra'ayi ne ya bunƙasa ya zama tafarkin bakti, wato bauta ta ƙauna, wanda ya yi ƙarfi a ƙasar Tamil daga wajen ƙarni na 6 sannan ya bazu arewa. Da zuwansa sai haikali ya gaje matsayin filin wuta. Ana ɗaukar gunki tamkar sarki ko babban baƙo, a tashe shi, a yi masa wanka, a kai masa abinci. Abin da aka ɗauke daga gabansa shi ake kira prasada, ma'ana alheri ko falala, kuma shi ake raba wa masu ibada.

A nan akwai wani juyi mai ban sha'awa. A rayuwar yau da kullum babu abin da Bahinde mai riƙon al'ada yake ƙyama kamar ragowar abincin wani, domin yawu ya taɓa shi. Amma ragowar abin bauta ita ce mafi tsarkin abinci, kuma cinta alama ce ta ƙanƙan da kai. Saboda haka manyan haikalai suka zama manyan madafai. Rubuce-rubucen da ke jikin haikalin Tanjabur, wanda sarki Rajaraja na daular Cola ya kammala a 1010, suna lissafa dabbobi da hatsin da aka yi waƙafi don hidimarsa. A garin Puri na jihar Odisha, haikalin Jagannat, wanda aka gina a ƙarni na 12, ya shahara da abinci iri 56 da ake miƙawa, ana dafawa a sababbin tukwanen ƙasa a kan wutar itace. Al'adar wurin ta ce a gaban wannan abinci babu babba babu ƙarami, kowa na iya ci daga hannun kowa. Akwai kuma azumi iri-iri, mafi shahara shi ne na Ekadashi, rana ta 11 bayan tsayuwar wata da ta 11 bayan cikarsa, inda ake barin hatsi.

7.0 Wa Zai Ci da Wa?

Kasancewar ana ambaton Puri a matsayin abin mamaki ya nuna yadda sauran ƙasar take. Al'ummar Hindu ta kasu rukuni huɗu na haihuwa: Barahima, da mayaƙa, da 'yan kasuwa da manoma, da Shudra masu hidima. A ƙarƙashinsu kuma akwai waɗanda ba a taɓawa, waɗanda a yau ake kira Dalit. Tunda an yarda abinci yana ɗaukar halin wanda ya dafa shi ko ya taɓa shi, sai tukunya ta zama ma'aunin daraja. Manu ya jero waɗanda bai kamata Barahima su ci abincinsu ba, har da likita da maƙeri da mai wanki da mafarauci da mai cin riba, ya kuma ce ragowar abinci da tsofaffin tufafi su ne rabon bara Shudra. A arewacin Indiya an bambanta abincin kacca, wanda aka dafa da ruwa, da na pakka, wanda aka soya da man shanu. Na farko ba a karɓarsa sai daga ɗan rukuninka ko wanda ya fi ka, na biyu kuwa yana da ɗan sassauci.

Masanin nan Musulmi, Abu Raihan Albiruni, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa a kan Indiya a wajen 1030, ya lura cewa mutanen suna cin abinci ɗaiɗai, ba sa amfani da abin da ya rage, kuma sukan jefar da kwanon da aka ci a ciki idan na ƙasa ne. Daga cikin ƙasar ma an sami masu adawa. Guru Nanak, wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1539 kuma ya kafa addinin Sik, ya assasa langar, wato madafar jama'a inda kowa ke zama a layi guda a ƙasa a ci abinci iri ɗaya. Wannan al'ada amsa ce kai tsaye ga dokar tukunya.

8.0 Zamanin Turawa da Bayansa

Mulkin Ingila ya gwada ƙarfin wannan aƙida. A 1857 jita-jita ta bazu cewa an shafa wa harsasan sababbin bindigogi kitsen shanu da na alade, alhali sai soja ya ciji takardar harsashin kafin ya ɗura. Sojoji Hindu da Musulmi suka ga ana neman ɓata musu addini, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kunna boren da ya tashi a Mirat ranar 10 ga Mayu na shekarar. Daga baya saniya ta koma abin rikici tsakanin al'ummomin biyu, har aka yi tarzoma mai muni a 1893.

Mahatma Gandhi, wanda aka haifa a 1869, sai da ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ƙaurace wa nama da giya da mata kafin ta bar shi ya tafi karatu Landan a 1888. Daga baya ya sanya kame harshe daga bin daɗi cikin alkawuran zaman almajiransa, ya kuma mayar da azumi makamin siyasa. A Janairun 1948, yana da shekara 78, ya ƙi cin abinci daga ranar 13 zuwa 18 har sai da shugabannin al'ummomi suka yi alkawarin daina kashe-kashe a Delhi. Kwana 12 bayan haka wani Bahinde mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi.

Dakta Bhimrao Ambedkar, wanda ya rayu daga 1891 zuwa 1956, ya ga al'amarin ne daga ƙasa, domin shi Dalit ne. A Maris na 1927 ya jagoranci dubban mutanensa zuwa tafkin Cabdar a garin Mahad, suka sha ruwan da aka hana su, a Disambar shekarar kuma suka ƙona littafin Manu a bainar jama'a. Lokacin da Gandhi ya shiga azumi a kurkukun Yerawada a Satumbar 1932 don ƙin amincewa da ware wa Dalit zaɓensu daban, Ambedkar ya sa hannu a yarjejeniyar Puna, amma ya ɗauki azumin a matsayin tilastawa. A rubutunsa na 1936 ya ce cin abinci tare kaɗai ba zai rushe tsarin ba sai an kai ga auratayya. Kundin tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda shi ya jagoranci kwamitin rubuta shi, yana ɗauke da gadon ɓangarorin biyu: sashe na 17 ya soke ƙyamar taɓawa, sashe na 48 kuma ya nemi hukuma ta hana yanka shanu.

Muhawarar ba ta mutu ba. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 44 cikin 100 ne kawai na mabiya Hindu suka ce ba sa cin nama, kuma an daɗe da sanin cewa Barahiman Bengal suna cin kifi, na Kashmir suna cin naman rago. Amma a binciken dai, kashi 72 cikin 100 sun ce mai cin naman shanu ba zai zama Bahinde ba. A 2015, a wani ƙauye kusa da Dadri a jihar Uttar Pradesh, gungun mutane suka kashe wani magidanci Musulmi bisa zargin ajiye naman shanu a gidansa.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda abinci ya tashi daga bakin wuta a zamanin Beda, ya koma cikin mutum a zamanin Upanishad, ya shiga madafar magidanci a littafin Manu, sannan ya sauka a haikali ya zama falalar da ake rabawa. A duk matakan nan tushen bai sauya ba: ci ibada ne, kuma abin da aka ci yana zama mai cinsa. Inda aka fassara tsarki da halin mai ci, wato kamewarsa da kyautarsa da tausayinsa, aƙidar ta haifar da ciyar da baƙo da sassauta wa dabba. Inda kuwa aka fassara shi da asalin mai dafawa, ta haifar da tsarin da ya hana miliyoyin mutane rijiya da akushi na tsawon ƙarnuka. Littattafan da suka ce kada a kori baƙo da waɗanda suka ce a ba bara ragowa duk daga rumbu ɗaya suka fito, kuma tarihin Indiya tun daga Buda har zuwa Ambedkar cike yake da jayayya a kan wanne daga ciki za a ɗauka.